Ƙofar da Aka Auna da Jirgi

A layin nan babu mai kiran mutumin da sunansa na yanka. Mai Jirgi ake ce masa, shi ma da shi yake amsawa, har a asibiti in aka kira sunan da ke kan kati sai an maimaita kafin ya gane da shi ake. Jirgin kuwa ba na sama ba ne, ba na ruwa ba. Mota ce, tsohuwa, ruwan madara, doguwa kamar ba za ta ƙare ba. Masu shaguna kan ce in kanta ya sha kwana, wutsiyarta na can baya tana gaisawa da mai gyaran takalmi.

Direba ne tun yana saurayi. Da motar raba kaya ta wani kamfanin sabulu ya fara, daga baya manajan kamfanin ya ga hannunsa, ya ɗauke shi ya riƙa tuƙa shi. Jirgi ta manajan ce. Da zai ajiye aiki ya sayar masa da ita, ya ce ba zai iya ganinta a hannun wanda bai san halinta ba. Ranar da ya shigo da ita layin, yara suka bi ta da gudu, manya suka yi kamar ba su gani ba, amma kowa ya samo dalilin fitowa waje.

Gaskiya motar ta isa kallo. Bambar gabanta ƙarfe ne mai ƙyalli, mutum zai iya duba fuskarsa a jiki ya gyara zaman hula. Fitilunta zagayayyu, bonet shimfiɗaɗɗe kamar teburin tela, kuma direba na zaune yana ganin kusurwoyinta duka. Giyarta a jikin sitiyari take, saboda haka gaba kujera ɗaya ce doguwa tun daga wannan ƙofa har zuwa waccan. Nan yake zama, matarsa Inna a can gefe, 'yarsu Auta a tsakiya, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Manyan yaran suna baya suna faɗan wa zai zauna kusa da taga.

In kana da aikin yi, kada ka taɓo masa zancen motocin zamani. Yakan ce duk an nannaɗe su, babu kusurwa, babu fasali, kamar sabulun da aka sha wanka da shi, kuma shi ya san sabulu. Yakan ce a da mota na tahowa daga nesa ka san sunanta, yanzu sai ka durƙusa ka karanta tambari. Fuskokinsu duk a murtuke, kamar an ci musu mutunci. Bamba kuwa roba ce, akuya ta gifta ta tsage. Yakan rufe da cewa, “Ku jera su kusa da Jirgi mu gani, ai 'ya'yanta ne.” Makanikan bakin titi su yi ta zuga shi don su sha dariya, shi kuma ya ɗauka karatu suke ɗauka.

To, ga inda maganar take. Lokacin da yake gina gidansa, filin ba shi da faɗi, kuma Inna tana son a fitar mata da ɗakin ajiya daga gaba. Da aka zo kan ƙofa, sai ya ɗauko igiya, ya ba Inna baki ɗaya, ya riƙe ɗaya, suka auna faɗin Jirgi. Ya ƙara yatsu huɗu a dama, huɗu a hagu, ya ƙulla igiyar a nan, ya miƙa wa magini ya ce ga ƙofa. Magini ya ce ta yi matsatsi. Inna ma ta ce ya ƙara ko da taƙi ɗaya ne, don ba a san gobe ba. Ya yi dariya ya ce mata, “Ke dai bar ni da sana'ata. Motoci ƙanƙancewa suke yi, ba girma ba. Duk wadda za a ƙera nan gaba, da rawa za ta shiga ƙofar nan.”

Haka aka kafa ginshiƙai biyu na kankare. Kuma wallahi shekara da shekaru bai taɓa goga ta ba. Da ribas yake shiga, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a bayan kujera, bakinsa na hira da maƙwabci. Ya bi doguwar farfajiyar da ita har bakin ƙofar falo, ya kashe, ya fito yana kaɗa makulli. Wannan shi ne abin taƙamarsa a duniya, kuma ba ya ɓoyewa.

Yara suka girma suka watse, manyan suka yi nisa. Auta ce kaɗai a garin, tana aiki a wani kantin magani, gidanta na can ɗaya ɓangaren. Jirgi ita ma ta manyanta. Ta koma sai ta ga dama take tashi, kayan gyaranta sai an yi cigiya, mai kuwa sha take kamar ta yi azumi. In aka ce ya rabu da ita sai ya ce tsohon doki sai mai shi.

Sai Inna ta zame a banɗaki, ƙugunta ya samu matsala. Aka yi aiki, aka ce ta riƙa zuwa gashin ƙashi duk mako. Tafiya sai da sanda, ita ma taku kaɗan. Mai Jirgi ya ce abu mai sauƙi, ga mota a bakin falo. Ya kai ta, ya dawo da ita, ya sake kai ta. Wata safiya aka shirya, aka zaunar da Inna a gaba, ya murza makulli, Jirgi ta yi tari ta yi shiru. Ya buɗe bonet, ya taɓa nan, ya hura can, ya yi lallashi, ya yi zagi, ko gezau.

Auta ta zo da tata motar. Sabuwa ce, baƙa, mai tudu, gajera, irin waɗanda yake wa kirari da sabulu. Ta tsaya a bakin titi. Amma daga falo zuwa titi akwai nisa, kuma a bakin ƙofa akwai gangara mai santsi da ta haye kwata. Aka ɗora Inna a kujerar roba, shi da maƙwabci suka kama. An yi ruwa da asuba. A kan gangarar ƙafar maƙwabci ta zame, kujera ta karkace, saura ƙiris Inna ta tafi cikin kwata. Ba ta faɗi ba, amma ƙarar da ta yi ta tsaya wa Mai Jirgi a zuciya.

Da aka dawo, Auta ba ta yi kwana-kwana ba. Ta gaida shi da ladabi kamar kullum, sannan ta ce ita ba za ta sake yarda a ɗauki uwarta a kujerar roba ba. Gidanta mota na shiga har bakin ɗaki. In ba a samu yadda za a yi ba, Inna za ta koma can da zama har ta warke, likita kuma bai ce ga ranar warkewa ba. Ta ce shi ma ga ɗaki in yana so. Ta san ba zai so ba, mutumin da ko kwana ɗaya bai taɓa yi a gidan suruki ba. Tun da suka tare a gidan nan bai taɓa karya kumallo ba tare da Inna na zaune tana yi masa gyaran magana ba, kuma ya ji tsoron in ta fita ba za ta dawo ba.

Ya ce abin bai kai nan ba. A turo Jirgi waje na ɗan lokaci, Auta ta shigo da 'yar motarta, ai wannan ko a aljihu sai a sa ta. Aka taru aka turo Jirgi bakin titi. Auta ta saita motarta, ta matso a hankali, sai motar ta kama kuka, ƙit-ƙit-ƙit, kamar an taka kaza. Ta taka birki ta ce, “Baba, ba za ta shiga ba.” Ya ce ta ba shi wuri. Ya hau, ya nemi ƙarshen bonet da ido bai gan shi ba, ya naɗe madubai, ya lallaɓa. Kafaɗun motar suka tsaya cak a jikin ginshiƙai. Ya ja baya, ya sake saitawa, haka dai.

Bai yarda ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya birkito tsohuwar igiyar nan, ƙullinta na nan yadda ya bar shi. Ya auna tsawon motar Auta, bakinsa ya buɗe da murna, don Jirgi ta fi ta nesa ba kusa ba. Sannan ya auna faɗi. Igiya ta kai ƙulli, mota ba ta ƙare ba. Ya ɗora hannunsa a kan abin da ya rage, ya buɗe yatsu. Taƙi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Makanikan bakin titi suna tsaye suna kallo, kuma Allah ya saka musu, babu wanda ya yi dariya. Babban cikinsu dai ya ce ai haka suke yanzu, ƙofofinsu kauri gare su saboda abin da ake cusa musu na kare rai, gajeru ne amma ƙiba gare su. Aka sake tura Jirgi ciki.

Da yamma ya sami Inna a kishingiɗe. Ya fara tsara mata yadda za a samo wani batir, a wanke kafireto, nan da mako Jirgi ta koma kamar amarya. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, “Malam, ko ta tashi ni ba na son shiga. Kujerarta a ƙasa take. Zama ba wuya, tashin ne azaba, ji nake kamar ana zare mini ƙafa. Ta Auta daidai ƙuguna take, juyawa kawai nake in zauna.” Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ta ga yadda fuskarsa ke yi in ya murza makulli, ba ta so ta rage masa. Sai kuma ta ɗan yi murmushi ta ce, da wani ya ji maganar taƙi ɗaya, da yanzu ana zaune lafiya. Kunya ta kama shi, da tausayi. Ya gyara mata filo ya fita.

Farfajiyar mota ɗaya take ɗauka, ya fi kowa sani. Fasa ginshiƙi kaɗai ba zai yi ba muddin Jirgi na kwance daga bakin falo har tsakiyar fili. Akwai wani mai tara tsofaffin motoci da ya daɗe yana bin sa, shi kuma yana korar sa. Washegari shi ya aika a kira shi. Bai ja ciniki ba, sharaɗi ɗaya ya kafa, kujerar gaba ba ta cikin sayarwa. Mutumin ya yi ƙorafi, ya ce ai ita ce kwalliyar motar. Mai Jirgi ya ce to a fasa. Sai mutumin ya haƙura.

Shi ya kwance kujerar da hannunsa. Da za a fitar da motar, ya ɗora bokiti a kife ya zauna a kai, ya kama sitiyari, ana turawa daga baya. Ta fita ƙofar nan sumul, yatsu huɗu dama, huɗu hagu. Ya sauko, ya shafa bonet, bai tsaya kallon yadda aka ɗaure ta aka ja ba. Magini ya iso da guduma, ɗan wancan na farko ne. Mai Jirgi ya karɓa ya ce shi ya kafa, shi zai fara. Bugu kaɗan ya yi numfashi ya gaza, ya miƙa guduma. Da aka zo awon sabuwar ƙofa, magini ya tambaya nawa za a ƙara. Ya ce a je a tambayi Inna. Ta aiko cewa a ƙara taƙi biyu, don ba a san gobe ba.

Yanzu duk ranar asibiti baƙar motar na shigowa har bakin falo, tana kukanta na kaza. Inna ta juya ta zauna a gaba, shi yana baya yana riƙe da sandarta. Har yau cewa yake motar ba ta da fasali, amma ya daina cewa ƙarama ce. An kama shi yana juya iskar sanyi ta nufo shi, ya ce gyara wa Inna yake. Mutanen layi ba su canza masa suna ba, ga shi babu jirgi.

Kujerar kuwa kafinta ya yi mata ƙafafu masu tsawo, daidai ƙugun Inna, aka ajiye a baranda. Nan suke shan iska in rana ta yi sanyi, shi a wurin direba, ita a can gefe, tsakiya a buɗe, ba tare da wani ya tsara hakan ba. Wata rana da aka dawo daga asibiti, Auta ta ajiye jakar magani za ta wuce, sai ta tsaya ta dube su. Ta cire takalmi ta cusa kanta a tsakaninsu. Wurin ya yi mata kaɗan, kafaɗarta na dannar tasa. Inna ta ce masa ya matsa mana. Ya ce ina zai matsa, ai ya kai ƙofa. Suka zauna haka a matse, babu wanda ya tashi.