Yajin Innata a Hannun Matar Ƙanena

Shekarun baya, lokacin ina ɗaukar kaina 'yar lelen mahaifiyata, na taɓa yin wani kishi da ko a gidan miji ban yi irinsa ba. Kuma ba a kan namiji ba, jama'a. A kan yaji.

Ku dakata da dariyar tukuna. Gidanmu a Wurno da yaji aka san shi. Masu tsire daga Rabah har ƙofar gidanmu suke aiko babur, kuma macen da ta haihu a unguwarmu ba a kai mata yajin jego na Inna ba, to gani take an raina ta. Mahaifinmu manomin albasa ne da tafarnuwa, amma duk shekarar da albasa ta ruɓe masa, turmin Inna ne ke riƙe da gidan. Da yajin nan aka ciyar da mu, da shi aka yi min kayan ɗaki.

Ni ce babba, don haka ni na fi kowa shan wahalarsa. Ni ce shanyar barkono, wanda mu muke kira tonka, ni ce ɓarar tafarnuwa, ni ce daka, ni ce tankaɗe. Atishawar da na yi a tsakar gidan nan ta ishi mutum goma. A makarantar allo har tsokanata ake, wai in na wuce sai idon mutum ya yi ruwa. Amma akwai aiki ɗaya da ban taɓa gani ba, shi ne haɗin ƙarshe. In an gama daka komai daban-daban, sai Inna ta kwashi ƙoren ta shige ɗakinta, ta saki asabari. Can ciki take kwance wasu ƙulle-ƙulle nata, ta auna, ta gauraya, ta fito da abin da mutane ke layi a kai. Ban taɓa damuwa ba. A raina na gama yanke hukunci cewa ranar da za ta kira wani cikin ɗakin nan, ni ce. To in ba ni ba wa?

Aka yi min aure Goronyo. Bayan 'yan shekaru ƙanena ya auro wata yarinya daga Rara, shiru-shiru, ko ƙosai ba ta iya soyawa ba sai ya sha mai. Ni da kaina na koya mata riƙon taɓarya yadda ba za ta yi kanta a hannu ba.

Wata rana na zo ganin gida da hantsi, ban yi aike ba. Na tarar da turame a kife, ƙamshin citta da kimba ya cika gidan, asabarin Inna a sake. Na san ana haɗi, sai na nemi kujera zan zauna jira kamar yadda na saba. Kawai sai na ji murya biyu a ciki. Inna tana cewa, "A'a, rage hannu. Wanga kaɗan aka sa mai." Wata murya ta amsa, "To, Inna."

Wallahi muryar matar ƙanena ce. Da suka fito, amaryar nan hannunta ja wur da yaji har wuyan hannu, ta durƙusa tana "Yaya, sannu da hanya," ni kuwa hannun kawai nake kallo. Ta kawo min ruwa na ce ba na jin ƙishi, alhali ina ji.

Ban iya haƙuri ba. Da la'asar na sami Inna ita kaɗai tana tsince kanumfari, na ce, "Inna, mi niy yi maki? Ni da nit tashi cikin turmin ga, ba ki taɓa kirana ɗaki ba, sai baƙuwa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wace baƙuwa? Ke ta baƙuwa yanzu, da kika zowa da mayahi ki koma da marece. Ita nan za ta tsuhwa."

Na fara hawaye, ita kuwa sai ta yi 'yar dariya. "Ke hwa kina da abin mamaki. Ni wa kika zato yak koya man? Innata? Ko kusa. Kakakki ta, uwar ubanki. Ɗiyanta mata na zaune tsakar gida tak kira ni ciki. Goggonki har gobe ba ta yahe man ba. Yajin ga ba nawa ba na, na gidan ga na. In nib ba ki, gobe Goronyo na da nasu, jibi ɗiyakki ta kai shi Giyawa. Wa za shi sake zowa Wurno biɗa tai? Ɗiyan ƙanenki su ci mi?"

Sai a ranar na gane dalilin da ya sa goggona ba ta taɓa cin abinci a gidanmu ba tare da ta ce gishiri ya yi yawa ba.

Na koma Goronyo da zuciya fal. Na ce ai ba wahayi ba ne, ni ma hanci gare ni. Na sayo kayan yaji iri-iri, na shiga gwaji. Mijina, bawan Allah, shi ya zama ɗan ɗanɗano. Yau ya yi tari, gobe ya yi gumi, wata rana ya sha ruwa kofi bayan kofi ya ce, "Ya yi daɗi ƙwarai, amma dai ki bari in huta kwana biyu." Wani mai tsire a bakin kasuwa ya karɓi nawa haɗin don ya ji an ce ni ɗiyar gidan yaji ce. Bai sake aikowa ba, kuma in ya hango ni sai ya duƙufa yana gyara wuta.

Su kuwa can gida abin sai gaba yake. Ƙanena ya fara zuba shi a robobi masu murfi, ya ɗauki matan unguwa aikin daka, ya sayi babur na kai kaya. Ranar da na shiga wani kanti a nan Goronyo na ga yajin uwata jere a kan kanta, mai kantin yana yi min tallarsa, wai "hannun wata tsohuwa da surukarta ne a Wurno, ba a samun irinsa," kai! Na ce masa na ji, ya ba ni sabulu kawai.

Da ciwon ajali ya kama Inna, na tattaro na dawo jinya. Ba ta cin komai. Na yanka kaza, na yi mata farfesu, na zuba nawa yajin wanda na fi alfahari da shi, ban gaya wa kowa ba. Na tallafo ta, ta kurɓi cokali ɗaya, ta juya shi a baki. Ta ce, "Allah shi yi maki albarka." Sannan a hankali ta ƙara, "Ina amarya? Ce ta ɗan barbaɗa man na gida."

Na gida. Na fita na kira ta, na zagaya bayan rumbu na yi kukana.

Bayan rasuwarta, da aka watse daga zaman makoki, ina haɗa kayana sai matar ƙanena ta kamo hannuna ta ja ni ɗakin Inna. Ta jawo ƙulle-ƙullen nan ta fara kwancewa, tana kuka. Ta ce, "Yaya, zauna in gwada maki. Uwakki ta, kin hi ni haƙƙi."

Abin da na yi shekaru ina mafarki, ga shi a gabana. Na ce, "Ita tac ce ki gwada man?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "A'a, Yaya. Ba ta ce ba."

Na ce ta ɗaure kayanta. Na fita ban kalli ko ɗaya ba.

Yau sana'ar tana nan, ta ma fi da. Gidaje da yawa a unguwarmu da ita suke cin abinci, 'ya'yan ƙanena da ita suke karatu. Na ga gidajen da aka raba wa kowa sirrin sana'a, kowa ya ja nasa, cikin 'yan shekaru aka nemi sunan gidan aka rasa. Don haka na san Inna ba mugunta ta yi min ba, gida ta tsare. Kaina ya yarda da wannan tuntuni, zuciyata ce dai har yanzu take jan ƙafa.

Ni da matar ƙanena lafiya lau muke, ba ta taɓa barin robar yajina ta ƙare ba. Mace ce ta gari, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan. Da ta yi min ƙarya ranar nan, ta ce "E, ita tac ce," da na zauna. Wallahi da na zauna, ko da na san ƙarya ce.