Injin da Na Zaɓa wa Baba

Baba ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Malanbil, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Daga nan babur ya gagare shi, don in ya tsaya ba ƙafar dogarawa. Yana kuwa da gona can bayan Kalavi, ta rogo da 'yan itatuwan kwakwar manja, inda kwalta ta ƙare sai turba mai rairayi da kwazazzabai. Lokacin an daɗe da daina kiran juna kamarad irin na zamanin mulkin gurguzu, tashar jiragen ruwa ta buɗe, kayan Turai na hannu sai kwarara suke yi. A wata kwantena aka samo masa babur mai ƙafa huɗu, irin wanda Turawa ke wasa da shi a bakin teku. Duk unguwarmu ta Zongo an sha dariya, shi ko a jikinsa. Kowace Asabar da sassafe sai ya ɗaura buta da tabarma a baya ya wuce, 'yan zem masu haya da babur suna tsokanarsa wai ga tarakta.

Wannan fita ita kaɗai ta rage masa da yake yi ba rakiyar kowa. Yayarmu, mai sayar da atamfa a kasuwar Tokpa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, ba ta taɓa son abin ba. Sai ta gindaya sharaɗi: ranar da babur ɗin ya yar da shi a daji, zuwa gona shi kaɗai ya ƙare. Baba ya yarda, don ya san injinsa.

To, injin ya tsufa, ya fara hayaki kamar murhun suya. Makaniken Baba, wani dattijo mutumin Zugu mai gareji kusa da layin dogo, ya ce gyara ya ƙare sai canji. Muka je ni da Baba, muka tarar ya ɗora inji biyu a kan taya. Ɗaya ƙarami, ɗan'uwan tsohon, mai igiyar ja. Ɗaya babba, mai walƙiya, na zamani, wanda na'ura ke auna masa mai.

Ni a lokacin ina aikin fitar da kaya a duwan, wato kwastan, ina sa riga da aljihu cike da biro, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin kayan Turai. Kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Ga bencin gareji cike da tsofaffin direbobi abokan Baba. Nan take na buga ƙirji na ce ni zan saya masa, kuma babban, don uban mutum ba ya hawa abin da akuya za ta wuce shi. Aka yi shewa, aka sa min albarka.

Makaniken bai yi dariya ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "A ina Alhaji ke shan mai?"

Na ce masa ina ruwan biri da gada, shi dai ya ɗaura inji. Bai ƙara ba. A wurinmu ba a kunyata ɗa a gaban ubansa, balle a ranar da ya yi abin kirki. Baba ya daɗe da hannunsa a kan ƙaramin injin, sannan ya ɗauke, ya ce Allah ya yi min albarka.

Aka ɗaura babban, muka gwada shi yadda direbobi suka saba gwada mota, wato a kan kwalta, da man gidan mai, a ga iya gudunsa. Ya kuwa yi gudu, wallahi har na ji daɗi. Ba wanda ya ce a kai shi cikin rairayi, ni ma ban tuna ba.

Abin da makaniken ke tambaya, daga baya na gane shi. Tsohon injin cika ɗaya yana kai Baba gona ya dawo da shi. Babban kuwa maƙoshi gare shi, dole a ƙara masa a hanya. Bayan Kalavi a wancan lokacin ba gidan mai, sai kpayo, man da ake shigowa da shi ta iyaka a sayar a kwalabe a bakin hanya, a tace shi da tsumma. Tsohon injin ko ruwan kwata ka zuba masa zai yi tari ya wuce. Wannan ɗan gata ne, ba ya cin abin da bai saba ba.

Asabar ta uku aka wayi gari da ruwan sama. Baba ya sayi kwalba biyu a hanyar dawowa, ya shiga wani kwari, injin ya shaƙe a tsakiyar laka. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, ga shi ba igiyar da zai ja. Ƙafa ba ta kai shi ko'ina. Tun azahar yake zaune a wurin har bayan la'asar, sai da wasu mata masu dakon rogo suka gan shi suka nemo ɗan zem. Haka aka shigo da shi Zongo, an sa shi a tsakiya, wani manomi na tallafe da shi ta baya, rigarsa duk taɓo, mutane na fitowa daga masallaci suna kallo.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka ɗora masa ruwan zafi, ta jira ya ci abinci, sannan ta miƙa hannu. Ya zaro makullin daga aljihu ya ba ta.

Washegari na garzaya gareji neman ƙaramin injin. Makaniken ya ce ai wani masunci daga Avotrou ya ɗauke shi ya kafa a kwalekwale. Na yi wata biyu ina bin kwantenoni kafin na samo irinsa. Aka ɗaura, na kai babur ɗin har turbar da kaina, na ba shi kpayo ya sha lafiya. Na roƙi Yaya, ta ce in Baba ya nemi makullin da bakinsa za ta bayar.

Na same shi a zaure yana sauraron rediyo, na faɗa masa. Ya ce alkawari ya yi, kuma ba a shekarunsa zai fara roƙon 'yarsa ba. Raina ya ɓaci, da kaina nake jin haushi amma a kansa na sauke. Na ce shi da ya ƙare rayuwarsa a kan inji, me ya hana shi magana a gareji?

Ya rage muryar rediyon. "Na san ƙaramin ne nawa," ya ce. "Amma a gaban abokaina ka tashi ka ce za ka yi min. Da wane baki zan ce musu ɗana bai iya zaɓe ba?"

Bayan haka ni nake kai shi gona a mota, in na sami sarari, sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu. Mota ba ta shiga turbar. A inda kwalta ta ƙare nake tsayawa, in shiga da ƙafa in duba rogon, shi kuma ya jira ni a kujerar gaba.