Sunan da ɗiyata ta sa min

Shekarun baya, lokacin ina ɗauko albasa daga Augie ina kawowa Birnin Kebbi, Allah ya ba ni ɗiya. Tun tana jinjira jikinta ba ƙwari, nono ma da ƙyar take kamawa. Sai da ta shekara uku ta taka ƙasa. Magana kuwa babu, sai "ma" kawai, yawu na zuba.

Muna haya a unguwar Gesse, gida ɗaya da wata malama Kirista, mutuniyar Filato, mai koyarwa a makarantar kurame. Ita ta nuna wa matata dabara: ta durƙusa daidai fuskar yarinya, ta faɗi kalma a hankali, ta haɗa da alamar hannu. Tana shafa mata zuma a leɓe don ta lasa harshe ya motsa, tana ba ta usur ta hura. Cikin 'yan watanni yarinya ta iya neman ruwa da tuwo ba tare da kuka ba.

Ni kuwa, da ajina huɗu na firamare, na fi kowa sani. Wata rana abokan kasuwa sunka zo gaishe ni, yarinyar ta fito tana yi musu hannu. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Ashe bebiya gare ka?" Ranar na kafa doka, ba maganar hannu a gidana. Malamar ta ce, "Maigida, hannun nan ba ya hana baki, shi ke jawo shi." Na ce in ta haifi nata ta yi masa.

Daga nan duk sanda yarinya ta ɗaga hannu sai in buge bayansa, in ce ta faɗi da baki. Ba da ƙarfi ba, haka nake gaya wa kaina.

Mahaifiyata a Argungu ta ce linzami ne ya ɗaure harshen, a kai ta ga wanzami. Matata ta roƙe ni a fara ganin likita, ban ko kalle ta ba. Wanzamin da kansa ya duba ya ce bai ga wani linzamin kirki ba. Na ce ya dai yanka. Ni na matse ta tsakanin ƙafafuna. Mako biyu ba ta cin abinci sosai, "ma" ɗin ma ta ɗauke.

Sai tana shekara bakwai, da jijjiga ta fara kama ta, anka tura mu asibiti a Sakkwato. Bayan gwaje-gwaje likita ta ce lalura ce ta halitta tun daga ciki, da wuya ake samun irinta. Sunan na Turanci har gobe ban iya faɗinsa ba. Ba linzami ba ne, ba iska ba, ba kuma laifin uwa ba. Ta tambaya ko muna yi mata alama da hannu, don ƙanana sun fi saurin ɗauka. Matata ta dube ni. Da wannan kallon gara ta zage ni.

Malamar ta riga ta tashi, an canza mata wurin aiki. Ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Matata ta sake farawa daga tushe. Yanzu yarinyar ta zama budurwa, tana cewa Inna, ruwa, a'a, da wasu kaɗan. Sauran da hannu ne, kuma kowa a gida da alamarsa. Uwarta, ta taɓa ɗan kunne. Kakarta, ta ja carbi. Wata rana na tambayi matata tawa alamar. Ta yi kamar ba ta ji ba. Da na nace, ta juya ga yarinyar ta ce, "Ina Baba?"

Yarinyar ta dube ni tana murmushi, ta bugi bayan hannunta.

Mutane na cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce. Lalurar ƙaddara ce, na yarda. Shekaru huɗun da na rufe mata hanya don dariyar wani ɗan albasa, wannan aikina ne.

Har yau in na dawo kasuwa da gudu take tarbata, tana bugun bayan hannu don murna. Ni kuma sai in amsa, tunda sunana ne.