Tauraron da Ƴata Ta Haɗiye

Mijina tela ne a Zango, amma ba ɗinki ne a ransa ba. Lambobin soja ne, waɗanda yake ce wa medayi. Da ta kakansa ya fara, wanda ya yi wa Faransi soja, daga nan abin ya zame masa ciwo. Da ya ji an ce wani tsohon soja ya bar lamba a Tirmini, sai ya rufe keken ɗinki ya hau kabu-kabu. Ba sayarwa yake ba. A gwangwanin biskit yake tara su, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a tsakar ɗakina, ya jera, yana duba bayansu da gilashin ƙara girma.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, amma dole ta sa na san su. Akwai mai kuros da takubba biyu a gicciye. In ƙyallenta kore ne da jan layi, ta yaƙin duniya na farko ce, in ja ne da koren layi, ta na biyu. Wata an maƙala mata ɗan tauraro da bai kai ƙwayar gujiya ba, alamar an yabi mai ita a fagen fama. Na tagulla daban, na azurfa daban. Kowanne da ƙafafun waya biyu masu tsini a bayansa, da su ake soke shi a ƙyalle.

Tun da ƴarmu ta fara rarrafe nake faɗa masa. "Malam, yarinyar nan ko kashin kaza ta gani, baki take kai shi. Ka kai kayan nan shago." Sai ya yi dariya, wai ni ko ƙuda ya sauka kan yarinya sai na nemi likita.

Wata Juma'a da hantsi ya cire wani tauraron tagulla zai duba, aka yi masa sallama, ya fita ya bar komai a ƙasa. Ina wajen murhu na ji tari. Na tarar da yarinyar zaune a kan baƙin ƙyallen, ido ya yi ja, yawu na zuba. Shi ma ya shigo. Wallahi abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Ina tauraron?" Ya hau ɗaga tabarma.

Na ce, "Tabarma kake dubawa? Dubi bakin ƴarka!"

A gidan likita wata dokotoro ta tambayi girman abin, da ko yana da tsini. Ya zaro irinsa daga aljihu ya nuna mata. Wannan kam ya yi amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka yi mata hoton ciki, radiyo suke ce masa. Aka ɗaga a haske, ga tauraro fari tas a ƙasan haƙarƙarin ƴata. Na ƙanƙame yarinyar. Shi kuwa ya matso har hancinsa na taɓa hoton, ya ce, "Kin gani? Gajerun ƙafafu ne, irin na da. Ai na ce na asali ne."

Dokotoron ta dube shi, ta dube ni. Ta ce mun yi sa'a ƙafafun a kwance suke, mu koma gida ina duba kashinta. In na ga jini ko amai, ko ciki ya yi tauri, in zo a guje.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk kashin da ta yi sai na tona shi da tsinke a bakin rariya. Ta yi kuka in taɓa ciki, ta yi shiru in taɓa ciki. Shi kuma da ya shigo sai, "Ya fito?" Ban ce ba ya son ƴarsa ba, na ga yadda yake rungume ta in ya ɗauke ta. Amma har yau ban san wa yake tambaya ba, ita ko shi.

Da safiyar da tsinke ya ce ƙas a kan ƙarfe, na fara duba jini. Babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi hamdala, sannan na wanke shi. Malam ya yi hamdala shi ma, ya sumbaci kan yarinya, ya miƙo mini tafin hannu.

"Kar ki dirje shi da toka, kin ji, launin zai ɓaci."

Na miƙe da shi a hannuna, na nufi salga, na sake shi a rami yana kallo.

Ya ɗaga murya. "Kin san jinin da mutum ya zubar kafin a ba shi wannan?"

Na ce, "Allah ya jiƙansa, ya gama yaƙinsa. Wannan nawa ne. In gwangwanin nan ya kwana a ɗakina, can zai bi ɗan'uwansa."

Bai kwana ba. Kafin azahar ya ɗaure shi a bayan kabu-kabu sai Zango. Ya daɗe ba ya amsa mini sai da "to", ni ma ban nemi ƙari ba. An ce lambar tana rataye a shago, ƙyallenta da ƴan huji biyu, ban je na gani ba. Ni dai har yanzu, kafin in ajiye yarinya, sai na bi tabarma da tafin hannu.