Ƙwan Fitilar Lalla Batul

A tsohon garin Fas, cikin wani lungu da jaki ma sai ya karkace kafin ya wuce da kaya, akwai gida mai hawa uku da iyalai shida ke haya a cikinsa, kowa da ɗakinsa. Famfo ɗaya ne a tsakar gida, mitar wuta ɗaya ce a zaure. Ɗakin ƙasa na Lalla Batul ne, ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, ko da tsakar rana sai an kunna fitila. Tun tana amarya aka kawo ta nan, ga ta yanzu furfura ta gama kai.

Sana'arta surfani, irin na mutanen Fas, da shuɗin zare a kan farin yadi. Ba a zana komai a yadin, zaren saƙarsa ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kuma dole bayan aikin ya fito tsaf kamar gabansa. Rabin amaren unguwar a kan zanin gadon da ta yi suka tare. Aiki ne na ido zalla, in ido ya tafi to sana'a ta bi shi.

Mijinta, marigayi Si Allal, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma da sunansa aka sa mitar. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya ɗauki gidan kaf ya mai da shi 'ya'yansa. Shi ya kafa dokar ƙwai: in takardar kuɗin wuta ta zo, sai ya zauna a zaure ya ƙirga ƙwayayen fitilar kowane ɗaki, ya raba kuɗin a kansu. A zamanin da babu komai a ɗakuna sai fitila da rediyo, wannan adalci ne, har maƙwabta suka kwaikwaya. Watan da ya rasu, rabon ya faɗo dirhami goma sha biyar a kan kowane ƙwai.

Bayan ta fita takaba, wani ma'aikacin banki ya ga yadda take haki in ta hau tudu zuwa layin biyan kuɗin wuta, sai ya ce ta sa hannu kawai, kamfanin wuta ya riƙa cirar kuɗinsa kai tsaye daga asusun da fanshon mijinta ke shiga. Har addu'a ta yi masa. Daga ranar babu wanda ya ƙara zama a zaure da takarda. Ƙarshen wata kowa ya miƙo mata sha biyar ɗinsa, a ce "ga na Si Allal." Shekaru suka yi ta tafiya, firij ya shigo, talabijin ya shigo, hitar ɗumama ɗaki ta shigo, amma sha biyar tana nan inda mamaci ya bar ta.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe mata idon hagu. Na dama ma ya fara hazo. Likita ya ce mata na hagu ya riga ya lalace daga ciki, amma na dama zai tsira in an yi aiki kafin bazara, in an wuce haka ba ya ɗaukar mata alkawari. Layin asibitin gwamnati ya fi shekara, sai dai na kuɗi. Ba ta damu ba. Ta daɗe tana cin burodi da zaitun da shayi, tana barin rabin fansho a banki saboda rana irin wannan.

Ranar da ta je banki ɗauka, yarinyar da ke biyan kuɗi ta faɗa mata abin da ya rage. Lalla Batul ta ce ta sake dubawa, ko asusun wata ta buɗe.

"Naki ne, Inna. Kamfanin wuta ne. Kowane wata abin da suke cira yana ƙaruwa, na watan jiya ya kusa cinye fanshon duka."

"Ni da ƙwai ɗaya?"

"Ni dai abin da na gani ke nan. Ki je ofishinsu."

Ta je. Wanda bai taɓa zaman ofishin wuta ba bai san wulaƙanci ba. A ba ka lamba, ka zauna kana kallon allo, ita kuwa allon ma ba ta gani, sai wani dattijo ne ya taɓa ta ya ce an kira ta. Saurayin da ta samu ba mugu ba ne, kuma wallahi gara mugu, ka zage shi ka huce. Cikin ladabi ya yi mata bayani: wuta hawa-hawa ake sayar da ita, mai shan kaɗan a sayar masa da araha, mai sha da yawa a tsawwala masa. Gidansu ya daɗe da hayewa hawan ƙarshe, hawan masu gidan sama da injin sanyaya ɗaki.

"Ɗana, mu iyalai shida ne a gidan, kuma duk cikinmu babu mai cin nama sau biyu a mako."

"Na yarda, Lalla. Amma mita ɗaya gida ɗaya ne a wurinmu. In kina son a duba ƙorafi, sai mai sunan ya zo da kansa. Allal, ko?"

"Yana maƙabartar Bab Futuh. Je ka kira shi, ni na yi ta kira bai amsa ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙansa. Ya ce to sai a sauya suna, ko a raba wa kowane ɗaki mitarsa, amma duka biyun sai da sa hannun mai gida. Mai gida! Wanda ya gina gidan ya mutu tun kafin a haife ta, magadansa sun fi talatin, wasu a Faransa, wasu a Kanada, ba sa ga maciji da juna, kuɗin haya ma wani dillali ne ke karɓa. Ta tambaya ko za a dawo mata da abin da aka cira. Ya ce an sha wutar, ba a dawo da wadda aka sha. Abu ɗaya ke hannunta: ta je banki ta janye sa hannunta. Sai dai in an yi wata biyu ba a biya ba, za a yanke wutar, kuma ba ta ɗakinta kaɗai ba.

Ta koma ofishin har ta daina ƙirgawa. Wani ya ce ta kawo shaidar mutuwa, ta kawo, wani ya ce ba ita ake nema ba. Ana cikin wannan jeka-ka-dawo wata ya ƙare, aka sake cira.

Ran Juma'a, matan gidan sun haɗa kuskus a tsakar gida kamar kullum, ta daure ta yi maganar. Kunya kamar ta kashe ta, don a ganinta roƙo take. Bushta mai sayar da kifi, wanda firizarsa ke gurnani dare da rana a hawa na biyu, shi ya fara amsawa, baki cike.

"Haba Lalla, dokar marigayi ce fa. Ni ƙwai ɗaya gare ni, zo ki ƙirga. Na biyun ma tun bara na cire."

"Firizar fa, da hasken wata take aiki?"

Aka yi dariya, har da shi. Ya ce, "Si Allal bai taɓa ƙirga firiza ba. Mutumin da ya riƙe mu kamar 'ya'yansa, yau ƙasa ta rufe masa ido sai mu tashi maganarsa? Ni ba da ni ba."

Ka ji ɗan duniya. Ya fake da mamaci, kuma ya san sarai ba za ta iya tsayawa gaban mutane ta ce mijinta ya yi kuskure ba. Sauran suka mai da ido kan akushi. Ba mugunta ba ce, kowa ya san in aka raba kuɗin gaskiya ba zai iya ɗaukar nasa ba. Rakiya, matar da ke hawa na uku, ta ce za ta ƙara biyar. Daga nan aka koma hirar tsadar tumatir.

Da safiyar Litinin Lalla Batul ta sa jallabiyarta, ta ƙudura sai ta janye sa hannun, kowa ya ji a jikinsa. Tana zaure Rakiya ta kira ta daga sama, ta taimaka mata su juya surukarta. Tsohuwar ta shekara uku a kwance, rabin jiki ya mutu, ta dawo kamar tsumma. Sanyin Fas kuwa a tsohon gida har ƙashi yake shiga. An ja 'yar hita an ajiye dab da ƙafafunta, jan wayarta na haskawa.

Tsohuwar ta kama hannun Lalla Batul da hannunta mai rai. "Batul ce? Kullum aka kunna min wannan abu sai na yi wa Allal addu'a. Ba don ita ba da tuni kun kai ni."

"Allah ya ƙara sauƙi, Yaya."

"Ina za ki da sassafe haka?"

"Babu ko'ina. Burodi zan kai gidan gashi."

Ta sauko tana lalube bango, ta zauna a kan matakala ta yi kuka mai isarta. Haushin kowa take ji, har shi Si Allal da ya tafi ya bar ta da doka. Ta cire jallabiyar ta rataye. Ta ce bari sanyi ya wuce tukuna.

Sanyi bai wuce ba sai da ya tafi da sauran abin da ke asusun. Bazara ta shigo, lemon tsakar gida ya yi fure, ta ji ƙamshinsa amma farin furen ya ɓace mata cikin hazo. Ta koma wurin likita hannu wofi. Ya haska idon ya daɗe, sannan ya ce ko da kuɗin yanzu ba ya jin aiki zai yi wani amfani. Zanin gadon ƙarshe da ta karɓa, uwar amarya ta dawo da shi, ta ce cikin jin nauyi layin ya karkace tun daga tsakiya. Lalla Batul ta shafa da yatsa ta ji gaskiya ne. Ta mayar da kuɗin zare, ta tura akwatin allurai ƙarƙashin gado.

Ƙarshen watan, suna kawo mata sha biyar-sha biyar, ta ce wa Bushta ya hau kujera ya kwance mata ƙwan ɗakinta.

"Ya mutu ne? In kawo miki wani?"

"Lafiyarsa lau. Kunne da kashe duk ɗaya ne a wurina. Kai wa Rakiya, matakalarsu akwai duhu."

Ya hau ya kwance, yana hura yatsu don ƙwan da zafi, ashe tun jiya yake kunne ba ta sani ba. Ya sauko yana juya shi a hannu, yana neman abin faɗa.

"To ai shi ke nan, Lalla, kin huta," in ji shi. "A dokar Si Allal, yanzu ba ki da kason biya."

Ta ce haka ne. Ta zauna bakin gado tana jin firizarsa na gurnani ta saman kanta. Ran biyar ga wata fansho ya shiga, ran shida kamfani ya cire nasa.