Saƙon da Kawu bai yi gaisuwa a cikinsa ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai guga ne a wani otal. Ɗakin aikinsa na bayan kicin, babu taga, tururi ya sa fentin bangon ya ɗaɗɗaye. Da wannan aikin yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Ma'aikatan otal ɗin suna da guruf a waya. Manaja kan rubuto kalma biyu ko uku: "A zo da wuri." Sai kowa ya ce ai mutum ne mai aiki, ba shi da lokacin surutu. Shi kuwa Kawu, ko sabulu ne ya ƙare, sai ya fara da ranka ya daɗe, ya tambayi iyali da gajiya, ya nemi afuwa, sannan ya faɗi buƙatarsa. Mai girki yakan tsokane shi: "Malam, kafin ka gama gaisuwa ai zanen gadon ya bushe."

Ranar da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, yana riƙe da kanta a bayan mota ya rubuta a guruf ɗin da hannu ɗaya: "Ba zan zo ba yau. Ina asibiti."

Manaja ya amsa: "Da wa kake magana?"

Babu wanda ya tambayi jikin mai jiki. Mai girkin ne ya kira shi a waya shi kaɗai. "Kai ma ka yi ganganci. Ka rubuta kamar kai ne mai otal ɗin."

Kawu ya zauna a bencin asibiti ya tsara dogon ban haƙuri, da duk gaisuwar da ya tsallake. Na gani daga baya, sai da na ja allon sau da yawa kafin na kai ƙarshe. A ofis aka ce tsawon ma ya nuna ya san ya yi laifi. Da mako ya ƙare aka cire shi daga guruf ɗin, a nan ya gane an sallame shi.

Matarsa ta tashi, amma hannunta na dama bai dawo ba. Yanzu a ƙofar gida yake guga da dutsen gawayi.

Jiya ya turo mini saƙo, ni da ya goya a bayansa. Ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya ce in yi haƙuri da damuna da ya yi. Can ƙasa ya ce maganinta ya ƙare.