Zambon Ragon Layya

Maigidana Badamagare ne, ni kuwa Bakanuwa, don haka tsokanar juna gado muka yi. Amma shekarar da aka yi masa waƙa a Greensboro, garin da muke zama a ƙasar waje, sai da na riƙa haɗiye dariyata, domin na ga abin ya taɓa masa mutunci.

A unguwar Glenwood muke zaune lokacin, a wani ɗan gidan katako. Maƙwabtanmu samari ne 'yan jami'a, Turawa, masu kiɗan rok. A gareji suke gwaji da gita da ganguna, ƙara kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Waƙoƙinsu duk na barkwanci ne, labari suke bayarwa mutane na dariya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da Babbar Sallah ta zo, Alhaji ya kafe sai yaranmu sun ga rago da idonsu, ba nama a leda ba. Ya sayo ɗaya a wata gona a Pleasant Garden, can bayan gari, ya ɗaure a bayan gida, da niyyar a mayar da shi can a yanka bayan Idi. Muna dawowa daga masallaci rago ya tsinke igiya. Alhaji ya dafa masa baya cikin shuɗiyar babbar riga mai sitaci, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihun "ku tare! ku tare!" ga mutanen da ba su san Hausa ba. Sai a wani filin sayar da motoci a High Point Road aka cafke shi. Aka yi layya, muka ci soye, na ɗauka magana ta wuce.

Ashe samarin nan a baranda suke, sun ga komai. Bayan 'yan watanni sai ga waƙa. A cikinta ragon bai kamu ba: ya hau bas, ya sami aikin dillancin motoci, har ya yi aure, mai shuɗiyar riga kuwa yana nan yana gudu. Rediyon jami'a ya fara sa ta, tashoshin gari suka ɗauka. A sito inda Alhaji ke tuƙa motar ɗaga kaya, yana shigowa sai abokan aiki su kama kukan rago. Wannan bai dame shi ba kamar ranar Juma'a, da wani Basakkwace ya tare shi a bainar jama'a.

"Alhaji, ashe bana ba ka yi layya ba? Rediyo ya ce ragon naka har ofis gare shi."

Ya dawo gida ko abinci bai duba ba. Turancinsa na wurin aiki ne, ba ya kama waƙa, sai ya sa na fassara masa baiti-baiti. Allah Ya sani na sha wuya, ina magana ina cije leɓe.

"Bon," ya ce da na gama, wato "to" da Faransancinsu. "Zambo ne, kuma ni na jawo. Makaɗa suna kiɗa a jikin gidana tun bara, ko goro ban taɓa ba su ba. Wane maroƙi ne zai ƙyale ka?"

"Alhaji, waɗannan ba maroƙa ba ne. Uban mai gemun nan da ke rera musu waƙa likitan haƙori ne."

"Ku Kanawa ciniki kuka sani, ba ku san makaɗa ba."

A wurinsa maganar a fili take: mawaƙin da ka hana, shi ke maka zambo, maganinsa kuwa kyauta. Ya buɗe akwati ya ciro shaddarsa mafi tsada da hula, ya haɗa da goro, ya ce in biyo shi in yi tafinta. Na bi, ba don na yarda ba, don kada a yi babu ni.

Mawaƙin nasu, wani siriri mai jan gemu, yana ganinmu ya ruɗe, ya zaci ƙara za mu kai su. Ya hau ba da haƙuri, ya ce za su daina rera ta.

"Ki ce masa ba a kashe waƙa, gyara ta ake yi," in ji Alhaji, yana aza masa rigar a kafaɗa. "A faɗa cewa an kama ragon an yanka. Kuma in za a kira mutum a waƙa, ana faɗin ubansa da garinsu."

Yaron ya gutsiri goro, fuskarsa ta yamutse, ya daure ya haɗiye. Sannan ya zauna yana maimaita sunan mahaifin Alhaji, ana gyara masa, yana ƙara ɓatawa.

Wata Asabar da rana suka yi wasa a filin jami'a. Alhaji ya ɗauko Basakkwacen nan a motarsa don ya zama shaida. Mai jan gemu ya fito cikin shadda tana sharar ƙasa, hannun rigar na harɗe masa gita. Da aka zo sabon baiti aka yanka rago, ɗalibai suka yi ta ihun ba su yarda ba, ana ta dariya. Sai kiɗa ya tsaya cak. Yaron ya nuno Alhaji da hannu, ya ɗaga murya ya kira shi ɗan wane na Damagaram. Ya sake kira, jama'a suka amsa gaba ɗaya, kowa da irin nasa lafazin.

Na juya in tsokane shi, sai na ga hawaye. Mahaifinsa ya rasu muna nan, a lokacin ba shi da takardun da zai je jana'iza ya dawo. Tun ranar babu mai ambaton sunan sai shi kaɗai, in yana addu'a. Tausayinsa ya kama ni.

"Hajiya, kin ji? Sun kira Baba."

"Na ji, Alhaji."

"Ba su faɗa daidai ba," ya ce, yana goge ido da hannun riga. "Amma ya san shi ake nufi."